Ƙullin da Malama Rakiya ta warware

Malama Rakiya ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a bakin titin Makera ina jiran keke zan tafi wurin aiki. Maman Chinedu ce ta kira ni, maƙwabciyarta a Nasarawa. Ban ma gama gaishe ta ba ta ce, "Hadiza, zo yanzu-yanzu. Malama ba ta tashi ba. Na buga ƙofa, na buga, she no answer."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. In kun ga kuskure a rubutun nan ku yi haƙuri.

A falonta nake zaune ina rubuta wannan. Ita tana ɗaki a lulluɓe. Ƙaninta ya taso daga Funtuwa, an ce bayan la'asar za a kai ta makwancinta. Likafani ya zo, maza sun tafi haƙa kabari, ruwa na kan wuta. Abu ɗaya ya rage, kuma shi ya sa na ɗauki waya: har yanzu ba a samu macen da za ta yi mata wanka ba.

Malama ba ta haihu ba, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yan uwanta mata suna nesa. An aika wa matan unguwa da suka saba wannan aikin lada. Ɗaya ta ce bayanta ke ciwo. Ɗaya ta ce ba ta da tsarki. Ta ukun ba ta ɓoye ba, ta aiko cewa ita ba za ta taɓa gawar mai ƙulli ba, kada abin ya dawo kanta.

Ni ban taɓa wankan gawa ba, ban san ta inda ake farawa ba. Maman Chinedu tana kuka ta ce da addininmu ya yarda, da tuni ta yi.

Na san da yawa daga cikin masu bibiyata 'yan Nasarawa ne da Makera. Na kuma ga abin da wasu suka fara rubutawa a ƙarƙashin sanarwar rasuwar, har da masu sa alamar dariya. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye muku ba. To ku tsaya ku ji. Ƙullin nan da kuke ta yayatawa, da gashin 'yata aka yi shi, kuma ina tsaye a ɗakin nan ranar da aka warware shi.

Malama ce ta koya mana bayoloji a sakandare. Ni kuwa a duniya ba abin da na tsana irin kwaɗo.

Duk damina, in aka kwana ana ruwa, da sassafe za ka gan ta a bakin kududdufin da ke bayan tsohuwar masaƙa a Kakuri, da hijabinta har ƙasa da takalmin roba na masu wankin mota. Masu keke suna wucewa suna mata dariya, ita ko a jikinta. Ƙwan kwaɗo take nema, wanda aka saka da ɗuminsa, don ta kawo mana aji kafin ya fara aikinsa.

Wanda bai taɓa gani ba: ƙwan kwaɗo a jere yake zuwa cikin wani dogon zare mai yauƙi, kamar carbi. Kowane ɗaya bai wuce ƙwayar gero ba. Samansa baƙi, ƙasansa fari-fari, saboda gwaiduwa ta kwanta a can.

Ranar da ta fara kawo mana, na koma can bayan aji na laɓe. Ai kuwa ni ta fara kira.

"Hadiza mai tsoron kwaɗo, zo nan ki sa ido."

Na sa ido a maikiroskop ɗin, wanda ita madubi kawai take ce masa. Na ga wani baƙin abu mulmulalle yana ƙyalli. Na ce, "Malama, ba abin da yake yi."

Ta ce, "Ki jira. Ba don ke yake yi ba."

Na jira har wuyana ya gaji. Can sai na ga saman ƙwan ya ɗan loɓa, kamar an danna farce a kan malmalar tuwo. Loɓawar ta miƙe ta zama layi. Layin ya fara gangarowa ta gefe biyu a lokaci ɗaya, fatar da ke bakinsa tana tattarewa ƙanana-ƙanana. A sama da sauri yake tafiya. Da ya isa ƙasa wajen gwaiduwa sai ya rage gudu, yana ja da ƙyar. Bai ma gama haɗewa a ƙasan ba, wani layin ya ɓullo a sama ya gicciye na farko. Ƙwai ɗaya ya zama gida biyu, biyu suna shirin zama huɗu, ina kallo da idona.

Na ɗago na ce, "Malama, wa ya yanka shi?"

Ta ce, "Ba wuƙa ba ce. Wannan layin tsaga nake ce masa, kuma daga ciki ake jan sa. Akwai wasu siraran zarurruka a ƙarƙashin fatar ƙwan, su ke taruwa su yi masa ɗamara su matse, kamar yadda ake jan zariyar wando."

Aji ya fashe da dariya. Wata ta tambaya ta yaya tsagar ke gane tsakiya ba ta kuskure.

Malama ta ce, "Kafin ki ga komai a waje, an riga an raba kayan gado a ciki, rabi ya koma nan, rabi can. Tsagar tsakaninsu take faɗowa. Sai an gama rabon gado tukuna ake raba gida. Ke ma haka kika fara, ni ma haka, har shugaban makaranta da tumbinsa."

Daga ranar na daina laɓewa a bayan aji. Aikin ɗakin gwaje-gwaje da nake yi yau a asibiti, daga bakin madubin nan ya samo asali.

Da mahaifiyata ta rasu ina aji na ƙarshe, Malama ta zo gidanmu da matajinta a jaka. Ba ta yi min dogon wa'azi ba. Ta zaunar da ni a tabarma ta tsefe min kai ta yi min kitso, ina kuka tana kitsawa.

Jakarta ba ta rabuwa da gyaɗa da dabino. In ta ga yarinya ta yi shiru a aji, ba ta tambaya ko ta karya, sai dai ta wuce ta ajiye mata a kan benci.

Tana da wani buri guda, duk ɗalibanta sun san shi. Ta karanta cewa a can baya wani mai bincike a Turai ya ɗauki silin gashin jaririnsa ya ɗaure ƙwai daidai kan tsagar farko, ya matse a hankali har gida biyun suka rabu, kowane gida ya girma ya zama halitta cikakkiya. 'Yan biyu daga ƙwai ɗaya. Malama tana so ta gani da idonta, ta kuma nuna wa yara. Ta gwada da zaren ɗinki, ya yi kauri. Ta gwada da gashin kanta, ya yi ƙarfi yana yanka ƙwan. Har silin gashin kanti na masu kitso ta gwada. Duk damina sai ta gwada, duk damina sai ƙwan ya fashe.

Ta kan ce, "Gashin jariri kaɗai ke da laushin da ake so. To ni ina zan samu?"

Tana faɗa tana dariya, amma mu mun san ba duka ne dariya ba.

Shekaru suka wuce, na yi aure, na haifi Husna, 'yata ta fari, a farkon damina. Da yake ba ni da uwa, a gidan surukata Hajiya na yi jego a Makera. Hajiya mace ce mai tsare gida, ba ta wasa da abin da ya shafi jariri.

Malama ta zo barka da zanen goyo da sabulu. Ta karɓi yarinyar ta riƙe ta daɗe, tana shafa kanta. Can ta yi ƙasa da murya, har da jin nauyi, ta ce, "Hadiza, ranar suna in wanzami ya yi aski, ai binne gashin za a yi ko? Da za ki sam min ko sili uku."

Na san Hajiya. Gashin askin suna da hannunta take tattarawa, ta binne inda ba wanda ya sani, ko sili ba ya fita. Don haka na ɗauki ƙaramin almakashi na yanko kaɗan daga bayan kunnen Husna na ba Malama a takarda.

Ku ji da kyau: ni na yanka, da hannuna, ni na ba ta. Ba sata ta yi ba kamar yadda ake faɗa.

Ranar suna wanzami yana ɗora aska ya tsaya ya ce, "An riga ni taɓa kan nan." Hajiya ta juyo ta dube ni. Na faɗa mata gaskiya, na ce malamata na ba, bincike za ta yi.

Hajiya ta ce, "Bincike. Da gashin jariri."

Daga baya ta sa an tambayo mata wace ce Malama Rakiya. Aka ce mata wata ce a Nasarawa, mijinta ya mutu, ba ta taɓa haihuwa ba, kuma da asuba take bin kududdufai tana kama kwaɗi. Ku da kanku kun san yadda wannan bayanin zai zauna a kunnen tsohuwa.

Bayan suna da 'yan kwanaki, jikin Husna ya ɗau zafi. Washegari ta daina kama nono, gefen cibiyarta ya yi ja. Ni ma'aikaciyar asibiti ce, na san abin da nake gani, kuma na tsorata. Maigidana direban babbar mota ne, yana hanyar Legas, wayarsa ba ta shiga.

Na durƙusa na ce, "Hajiya, don Allah mu kai ta asibiti yanzu."

Ta ce, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne. In aka yi wa yaro allura a kan ƙulli, ba ya tashi. Inda gashinta yake za mu."

Ta goya yarinyar a baya ta fita ta tare keke. Na bi ta da ɗanyen jiki, ina roƙo har muka isa. 'Yar fari ce, a gaban Hajiya ko sunanta ba na kamawa, balle in fizge ta daga bayan kakarta a tsakiyar titi.

Hajiya tana sauka ta fara tambayar gidan matar da ke ɗaukar gashin jarirai. Da ƙarfi take tambaya. Kafin mu kai ƙofar gidan, mutane sun biyo mu, mata da maza, wasu samari har da sanduna. Maman Chinedu ta fito da gudu ta ɗaure zani ta tsaya a bakin get, ta bar ni da Hajiya da wasu mata muka shiga, ta tare sauran.

A falon nan da nake zaune yanzu muka same ta. An yi ruwa kwana biyu a jere, ga robobi a ƙasa da ƙwai a ciki, ga kwaɗi biyu a bokiti, ga madubinta a kan tebur kusa da taga, ta ɗaura wayarta a bakinsa don hoton ya fito a fuskar waya.

Tana ganina ta miƙe da murna. "Hadiza! Ya kama! Wallahi ya kama, zo ki ga..."

Sai ta ga fuskar Hajiya.

Hajiya ta ce, "Ina gashin jikata?"

"Ga shi nan a takarda, Hajiya. Sannu da zuwa, ki zauna mana. Sili ɗaya kawai na ɗauka."

"Me kika yi da shi?"

Malama malamar makaranta ce. In ka yi mata tambaya, amsar tambayar take ba ka. Ta ce, "Ƙwai na ƙulla da shi."

Matan da ke bakin ƙofa suka ɗauki salati.

Hajiya ta ce, "Yaushe kika yi ƙullin?"

"Jiya da safe."

"Jiya da safe jikin yarinyar nan ya ɗau zafi."

Na ce, "Hajiya, ba irin wannan ƙullin take nufi ba, ɗauri ne kawai irin na zare, wallahi karatu ne." Ba wanda ya saurare ni. Maganar ta riga ta fita waje, na ji wani namiji yana cewa a fito da Malama.

Sai a lokacin Malama ta gane abin da aka ji daga bakinta. Ta yi abin da ta iya, wato koyarwa. Ta ɗebo sabon ƙwai daga roba ta sa a ƙarƙashin madubi, ta juyo da fuskar wayar wajen Hajiya.

"Hajiya, wannan ɗazu aka saka shi, ba wanda ya taɓa shi, ba gashi ba komai. Ki duba abin da Allah ke yi da shi. Shi kaɗai nake kallo, shi nake koya wa yara."

Muka tsaya muna kallon baƙin ƙwai a waya. Bai motsa ba. A waje hayaniya na ƙaruwa, dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, wani ya biyo shi. Ina jin muryar Maman Chinedu tana ihu, "Ba wanda zai shiga! Sai dai ku taka ni!" Ni kuwa a zuciyata ina roƙon ƙwan kwaɗo ya yi sauri, abin da na san ba ya yi.

Can saman ya loɓa. Layin ya miƙe, ya fara gangarowa gefe biyu, fatar tana tattarewa. Ban taɓa ganin tsaga ta fito sarai irin ta ranar ba.

Wata mata ta ƙwalla ƙara, "Yana tsagewa da kansa! Da ido take tsaga shi!" Ta fita da gudu ta kai wa na waje.

Hajiya ba ta motsa ba. Ta daɗe tana kallon wayar, har tsagar ta kai ƙasa ta rage gudu. Sannan ta ce, "Na jikata fa? Nuna min."

Malama ta janyo wani ɗan faranti ta sa. Ƙwan ya shaƙe a tsakiya kamar gyaɗa mai 'ya'ya biyu, silin gashin Husna a ƙugunsa. A kowane ɓangare, ga ɗan tudun gadon baya ya fara fitowa. Biyu ne, kowanne da ransa. Abin da ta shekara da shekaru tana nema ke nan, kuma ni ce mutum ta farko da ta so nuna wa.

Hajiya ta ce, "Haka kika shaƙe ta."

A daidai nan Husna ta yi wani ɗan kuka, siriri, ba ƙarfi. Malama ta zagayo ta ɗaga mayafin ta taɓa goshinta, ta duba cibiyar. Na ga fuskarta ta canza.

"Hadiza, tun yaushe ta daina kama nono?"

"Tun asuba, Malama."

"Hajiya, ki yi wa Allah, asibiti. Yanzu."

"Sai kin warware."

"Hajiya, ba abin da ya haɗa ƙwan nan da..."

"Na ce sai kin warware. Ba inda za ta da ƙulli a kanta."

Malama ta dubi farantin, ta dubi ƙofa, ta dube ni. Na gane abin da za ta yi. Na ce, "Malama, in kika yi, cewa za su yi kin amsa laifi."

Ta ce, "Na sani."

Ta ɗauki guntun reza ta sunkuya a kan madubin. Irin wannan ɗaurin ba ya kwantuwa, sai dai a yanke, kuma ba a yanke shi ƙwan ya tsira. Muna kallo a waya, gida biyun suka fashe, ruwan ya yi furfura-furfura. Ta ciro silin ta haɗa da sauran gashin ta damƙa wa Hajiya a hannu.

Sannan ta fita har bakin get, ta ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji:

"Na warware. Ku ba su hanya su kai yarinya asibiti."

Nan take mutane suka dare. Mijin Maman Chinedu makaniki ne, shi ya sa mu a motar da yake gyara ya kai mu. Likita ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga jininta ta cibiya, kuma da mun kai yamma da labarin ya bambanta. Aka kwantar da mu, aka yi ta allurai, Husna ta warke.

Unguwa kuwa ta ce ai dole ta warke, tunda an warware.

Tun daga ranar sunan Malama ya koma mai ƙulli. Iyaye suka janye yaransu daga lesin ɗin da take yi a gida. Ba a ƙara gayyatarta suna ba. In ta shiga keke da mai goyo, sai matar ta juya jaririn ta rufe masa kai. Na yi bayani har na gaji, maigidana da ya dawo ya bi gida-gida, limamin layinsu ma ya yi magana a kai. Amsar kowa ɗaya ce: "Mu da kunnenmu muka ji ta ce ta warware."

E, ta faɗa. Ta faɗa ne don a buɗe wa 'yata hanya. Duk wanda ya tsaya a layin nan ranar da sanda a hannu, ya sani cewa da ba ta faɗa ba, da ba ku matsa ba.

Ba ta ƙara roƙon gashin ɗan kowa ba. Amma duk damina tana nan a bakin kududdufi da takalmin robarta, tana kai wa 'yan aji ƙwai su ga tsaga.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a cikin daminar nan ce. Na kawo mata maganin hawan jini, na same ta ta rame, amma madubi na kan tebur. Ta ce in zo in sa ido, kamar ban taɓa gani ba. Na sa, muka jira tare, ya tsage.

Na ce, "Malama, ni fa zan rubuta abin da ya faru in sa a intanet, kowa ya karanta."

Ta ce, "Bar su, Hadiza. Surukarki ce, zaman aurenki ya fi min."

Na tambaye ta ko ta taɓa da-na-sanin furta kalmar nan. Ta kama gefen mayafi tana goge madubin.

Ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, ina kewar 'yan biyuna. Ko hoto ban samu na ɗauka ba. Amma kwaɗo zai sake ƙwai baɗi. Ke Husna nawa gare ki?"

Da ta rako ni bakin get sai ta riƙe hannuna ta ce, "Abu ɗaya kawai nake tunani wani lokaci. Ranar da na mutu, wa zai yarda ya taɓa ni?"

Na ce, "Haba Malama, wace irin magana ce wannan." Na yi dariya, ita ma ta yi. Na hau keke na tafi.

Yau ga ranar ta zo, kuma tambayarta na nan ba amsa.

An kira azahar tun ɗazu. Ƙaninta ya bugo ya ce sun wuce Zariya. Ruwan wankan ya tafasa ya huce, Maman Chinedu ta sake mayar da shi kan wuta. Akwai mata cike a bakin ƙofa, suna leƙe, ba wadda ta tako ciki. Ina jin kunya, ina jin tsoro kada maza su dawo daga maƙabarta su tarar da ita yadda suka bar ta.

Malama ta ce in bar ku, yau kam ban bar ku ba. Ina roƙon duk macen da ta iya wanka, a Nasarawa take ko Kakuri ko Tudun Wada, ta taimaka ta zo. Ba a gadon komai daga jikinta. Malamar bayoloji ce mai sallah da azumi, wadda ta so ta ga yadda ƙwai ɗaya ke zama biyu.

Mutum ɗaya na sani da ta ƙware a wannan aikin, ta wanke mata da yawa a Makera. Surukata ce. Tun safe nake duba lambarta ina kasa dannawa. Ita da Malama ba su ƙara haɗa ido ba tun ranar, kuma a gidanta ba a ambaton sunan. Maigidana kawai na kira na gaya wa rasuwar.

Ku dakata, ana sallama.

Hajiya ce.

Ta shigo da leda a hannu, ganyen magarya da kafur da sabon soso. Tana tafe tana dafa bango saboda gwiwa. Wata daga cikin matan bakin ƙofa ta riƙo mayafinta ta ce, "Hajiya, mai ƙullin ce fa."

Hajiya ta fizge mayafinta ta ce, "Ni aka warware wa. Ku matsa."

Ta tsaya a tsakiyar falo ta dubi madubin da ke kan tebur, ta daɗe. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta tambayi Maman Chinedu ko ruwan da ɗumi, ta naɗe hannun riga, sannan ta juyo kaina.

"Ke kuma ajiye wayar nan ki zo ki riƙe min buta."

Ya Allah, ga baiwarKa Rakiya ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka haskaka kabarinta, Ka saka mata da abin da mu muka kasa saka mata. Ka sa duk yaron da ya taɓa sa ido a madubinta ya zama sadaka mai gudana gare ta.

Ku da kuka karanta har nan, don Allah ku sa ta a addu'a, kuma ku kira ta da sunanta, Malama Rakiya. Wadda ta ji a ranta tana son zuwa, ƙofa a buɗe take.

Hajiya na kira, na tafi.